Hayaƙin Bayan La'asar

Ku 'yan matan da aka ɗauka bana, na ji abin da kuka faɗa ranar da aka raba maku wayoyi a Kankiya. Ina zaune bayanku, ɗaya daga cikinku ta ce, "Wai aikin ke nan? A duba waya, a ga jan ɗigo, a ce akwai wuta?" Sauran kuka sa dariya. Ban tanka ba, don hankalina yana gida, na baro yarinya da mura. Malama Rakiya, wadda ta koya mani aikin kuma ita za ta koya maku, ita ta ce in rubuta abin da na gani tunda na riga ku shiga, ku karanta kafin a fara sharar gona. To ga shi nan.

Aikin dai a baki ba shi da tsawo. Akwai tauraron ɗan'adam da yake wucewa ta samanmu yana ɗaukar hoto. Inda ya ji zafi ya wuce kima, sai ya ɗiga ja. In hayaƙin yana da yawa shi ma yakan fito a hoton, kamar an ja auduga a kan tabarma. Mutanen ofis su duba inda iska za ta kai shi, su turo mana. Namu biyu ne: mu je mu ga abin da yake ci, mu kuma gaya wa matan da suke da yara masu ciwon ƙirji su rufe taga su shigar da yaran ɗaki. A ƙauyenmu, can bayan Sukuntuni, ba mai wahalar da bakinsa da faɗin tauraron ɗan'adam. Ɗan-Leƙe ake ce mashi, don yana duba gidan mutane ba ya sallama.

Ni ba neman aiki na fita ba. Ɗiyata ta fari tana da asma. Sunanta ba zai fito a nan ba, kun san dalili. A gida Ta-Baba ake ce mata, don tun da aka yaye ta kakanta ya ce tasa ce, tare suke cin tuwon dare a zaure. Na yi ta zarya da ita asibiti har masu gadi suka daina tambayata wurin wa na zo. A can Malama ta gan ni. Ta ce a duk layin ni kaɗai nake ɗaga kai ina shinshina da zarar an sa wa bola wuta a bayan katanga. Ta tambaye ni ko ina iya karanta saƙo a waya, na ce in ba da Turanci ba ne. Maigidana yana ci-rani a kudu, aka kira shi, ya ce in Baba ya yarda shi ke nan. Baba shi ne surukina, kuma shi ne Sarkin Noman ƙauyen. Ya yarda, amma da sharaɗin ƙanen mijina Sale ne zai riƙa kai ni a babur. Sale bai taɓa samun aikin da ya dace da shi irin wannan ba, a zauna a kan abu, abin ya yi tafiyar.

Fitata ta farko wajen Kaikai ce, ni da Malama. Ɗigon ya fito ja jawur, kwana da kwana a wuri ɗaya. Tun a hanya na gama shirya kukan da zan taya masu gidan, don wutar da ta ƙi mutuwa haka ai ta cinye rumbuna. Muka isa, ba wuta ba hayaƙi ba toka. Wani Alhaji ne ya yi wa ɗakin ajiyar hatsinsa sabon rufin kwano, mai faɗi, yana ta ƙyalli a rana har ba a iya kallonsa. Ya fito yana gyara hula, ya ce lafiya?

Malama ta ce, "Alhaji, daga sama aka ce mana gidanka yana ci da wuta."

Ya ce, "Daga sama ma an gani ke nan?" Ya juya ya kalli rufin, daɗi ya kama shi. Sai da muka sha fura kafin ya bar mu muka tafi.

A hanyar dawowa Malama ta ce mani, "Hinde, kin ga abin da ya sa muke buƙatarki. Shi zafi ya sani da ƙyalli. Bai san wuta ba." Ku riƙe wannan. Ɗan-Leƙe yana da ido, ba shi da hanci, kuma in gajimare ya tare shi, makaho ne kamar kowa.

Wata rana kuma wajen Kafin Soli na bi ɗigo na tarar da mata suna gasa tukwane. Tun daga nesa ya kamata in gane, da na iya aikin a lokacin. Hayaƙin kashin shanu shuɗi-shuɗi ne, ba ya sauri, warinsa kuma kun san shi. Na ƙaiƙayi fari ne, mai kauri, yana shiga ido. Na sabara da aka sassabe ta bushe yana tashi da ƙara, ya yi sama, ya watse. Baƙi mai maiƙo leda ce ko tsohuwar taya, shi ne mafi sharri ga ƙirjin yaro, kuma sau da yawa wutarsa ƙarama ce, Ɗan-Leƙe ba ya ma ganinta. Kada wata a cikinku ta rubuta wai manomi ya ƙona kara. A ƙasar nan kara abincin dabba ne, danni ne, makamashi ne, wanda ya ƙona kara sai a kai shi a duba kansa. Abin da ake tarawa a ƙona da bazara, kafin ruwa ya sauka, tushiyar dawa ce da ƙaya da sabara da ledar da iska ta kwaso daga gari.

Abin da na fi shan wahalar koyo shi ne tambaya. Na taɓa samun wani dattijo tsaye a gefen tsibin sharar gona yana ci, ashana a hannunsa, na gaishe shi na ce, "Baba, wa ya kunna?" Ya kalli wutar kamar yanzu ya fara ganinta, ya ce, "Wallahi 'yar nan tashi ta yi." A duk Kankiya da Kusada ban taɓa gamuwa da wutar da wani ya kunna ba, duk tashi suke yi. Saboda haka ba a tambayar wa. A ce sannu da aiki, a yaba girman gonar, sannan a ce, "Da saura, ko wannan ne na ƙarshe?" Nan zai gaya maki har da na maƙwabcinsa, da ranar da zai yi.

Kayan aiki ba yawa. Waya, da batirin ajiya, don wayar tana mutuwa ne daidai lokacin da kika isa. Takalmi rufaffe, don toka tana yin fari a sama alhali ƙasanta garwashi ne, silifas ɗina na farko a gonar wani ya narke. Gorar ruwa da tsumma, a jiƙa a rufe hanci, ya fi takunkumin da ofis suke rabawa in ya kwana biyu. Sai hijabi guda da za ki ware wa aikin. Ni a bayan ɗaki nake cire nawa in rataye, in wanke fuska da hannu kafin in taɓa yarinya, don hayaƙi yana bin tufa har gida. Kuma akwai ɗigon da ba a zuwa dubawa. In ya fito can wajen daji inda ba gona ba gari, ki yi waya ki tambayi mutanen kusa. In suka ce ki zauna, ki zauna.

Mutanen da za ki yi hulɗa da su kuwa, sai haƙuri. Iyaye mata ba su da matsala, kina cewa hayaƙi yana tafe sun kwashe yara. Sauran ne. An kawo mani cigiyar akuya. An ce in duba ko ruwa zai sauka kafin Juma'a don a san ranar ɗaurin aure. Wata maƙwabciyata ta ja ni gefe ta ce in tambayi Ɗan-Leƙe ko mijinta da gaske yana Legas, ko a Kano ya tsaya. Na ce mata sai in yana ci da wuta. Ta ce in ya dawo za ta san yadda za ta yi ya fito a hoton.

Yanzu bari in zo ga mummunar shekarar, ita ce dalilin rubutun nan.

Da bazara ta kusa, wani ya dawo daga kasuwa da labarin wai duk wanda jan ɗigo ya fito a gonarsa za a cire sunansa daga rabon taki. Ba wanda ya san inda maganar ta samo asali, amma kafin kwana biyu ta zama gaskiya a kowane zaure. Malama ta zo da kanta aka yi taro ƙofar gidan mai unguwa. Muna can gefe mu mata. Ta rantse ba ruwansu da taki, su lafiyar yara ce ta dame su. Maza suka yi ta gyaɗa kai. Can Baba ya gyara murya.

Ya ce, "Malama, shi wannan abu, kullum shina nan bisa kanmu, ko shina zuwa shina tahiya?"

Malama mutuniyar kirki ce, ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Ta ce, "Wucewa yake yi, Baba. Da hantsi, da wajen azahar, sai kuma tsakar dare."

Baba ya ce, "Madalla. Allah shi yi albarka."

Daga ranar ba a ƙara kunna ko ashana a gona ba kafin la'asar. Aka mai da Ɗan-Leƙe kamar suruki: ba a yin abin kunya a gabansa, a bari ya wuce tukuna. Ana sallame la'asar sai ka ga maza sun nufi gona da ashana, kowa ya sa wa tsibinsa. Kafin tsakar dare wutar ta mutu, sai hayaƙi, Ɗan-Leƙe kuma ba ya ganin hayaƙi a cikin duhu.

A waya ƙauyenmu ya yi fes. Ko ɗigo ɗaya babu. Har saƙon yabo aka turo mani daga ofis, wai mun zama abin koyi. Ina karanta shi idona yana hawaye, ba don daɗi ba.

Dā da ake ƙonawa da rana, hayaƙin miƙewa yake yi sama, iska ta tafi da shi. Na yamma ba ya tashi. Yana fitowa daga gona ya kwanta, ya biyo kwari, ya shigo gari daidai magariba, ya tsaya a lunguna iya ƙugun babba. Iya ƙugun babba kuwa shi ne daidai hancin yaro. Ta-Baba ta fara tari da yamma, daga tari sai ƙirjin ya fara fito, wannan siririn fito da duk uwar mai asma take ji ko ana daka a kusa da ita. Abin shaƙar maganin asmar da yake yi mana wata da watanni ya fara ƙarewa, yana sauƙi a hannu. Ba ita kaɗai ba, yaran gidaje uku ko huɗu haka.

Na ɗauki hoton lungunmu da magariba na tura wa Malama, na rubuta mata lokacin. Ta kira ni nan take. Ta ce, "Ni na gaya masu lokacin, ko?" Ta yi mani bayani cewa in rana ta faɗi ƙasa tana hucewa, iskar ƙasa ta yi nauyi, sai ta danne hayaƙin kamar an kifa faifai. Ta ce in da so samu ne kada a ƙona sam, a bar shi ya ruɓe. In kuwa dole ne, to da rana tsaka, a tsakiyar gona, mutum yana tsaye a kai saboda iska. Ta ce, "Ki gaya wa Sarkin Noma."

Na ce, "Malama, kin manta ko shi wane ne a wurina?"

Tun da aka kawo ni gidan nan, tsakanina da Baba gaisuwa ce, ina durƙushe, kaina a ƙasa. Ko sunan mai irin sunansa ba na faɗa. Kuma maganar a kan 'yar fari ce, wadda ko faɗuwa ta yi a gabansu sai in kau da kai in bar wani ya ɗaga ta. Malama ta ce to ita za ta zo. Ta zo, ta yi bayani mai kyau, Baba ya ce to, to, ya sa aka ba ta ƙwan zabi. Da ta tafi ya ce wa Sale, mai abin leƙe ta zo tana roƙo a yi a gaban abin leƙenta, ai ko yaro ya gane. Da la'asar ya tafi gona.

Na bi ta wurin Inna, surukata. Na zagaya, na zagaya, na ce yaran gari suna tari. Ta ce, "Ke dai ki ce ɗiyarki. Ba ki da kunya? Mu da muke da ita ba mu ce komai ba. Sanyi ne ya kama ta, bari in samo saiwa a turara mata." Wato a ƙara mata wani hayaƙin. Na ce an hana a asibiti. Kuma Inna, don kada hankalin Baba ya tashi, da ta ji yarinyar ta fara tari sai ta janye ta daga zaure ta kawo mani ɗaki. Shi bai taɓa ganin abin da idonsa ba. A saninsa jikarsa tana ɗan tari, kamar kowa.

Ranar da abin ya faru, Inna ta tafi barka. An idar da magariba, an kai tuwo zaure, Baba da Ta-Baba suna ci, Sale yana gefe yana jiran a rage. Ni ina tsaye bayan zana, inda nake tsayawa kullum a lokacin nan, kamar mai neman wani abu a ƙasa. Hayaƙin ranar ya fi na kullum, don manyan gonakin gabas aka ƙona. Na ji ta yi tari. Na ji ta daina magana, ita da bakinta ba ya hutawa. Sai fiton ya fara.

Ban san lokacin da na shiga ba. Na durƙusa, na ba Baba baya, abin da ban taɓa yi ba, na sa mata abin shaƙa a baki. Tana kan cinyarsa, hannunsa yana bayanta. Haƙarƙarinta yana shiga yana fita, ramin wuyanta yana lotsawa. Muka zauna haka har fiton ya fara sassautawa, ta jingina da ƙirjinsa.

Ya kamata in tashi in fita. Na kasa. Ga magana cike da bakina, ga wanda zan gaya wa a bayana, ba hali. Sai idona ya faɗa kan Sale. Ƙanen miji abokin wasa ne, ko me na gaya mashi ba laifi.

Na ce, "Kai Sale, ba ka da tausayi."

Ya ce, "Ni? Me na yi, Matar Yaya?"

"Kai ne kake bari sai bayan la'asar ka sa wa gona wuta. Hayaƙinka ba ya tashi, gari yake shigowa. Ga abin da yake yi nan, ka gani da idonka."

"Ni rabona da gona tun..."

"Rufe mani baki. Ƙato da kai, kana ɓuya wa abin da ko hanci ba shi da shi."

Sale ya buɗe baki ya kalli Baba, yana jiran a cece shi. Baba bai kalle ni ba, ni ma ban juya ba. Ya daɗe yana shafa bayan yarinyar.

Can ya ce, "Kai Sale."

"Na'am, Baba."

"Sakarai. In ka ƙona da rana aka hana ka taki, mi za ka ba gonar? Mi yaran za su ci?"

Sale ya ce, "Baba, ni fa..."

Na ce, "Sale, ina tambayarka. Bara da rana ka ƙona, jan ɗigo ya cika gonakin nan, ni na bi su ɗaya-ɗaya. An hana ka taki?"

Baba ya ce, "Ba ka ji ana tambayarka? Bara an hana?"

Sale ya sosa ƙeya. Ya ce, "Bara ai ba a ma kawo ba, Baba."

"Bara waccan fa?"

"An ce yana hanya."

Wani abu ya taso mani kamar dariya, na danne shi da gefen hijabi.

Baba ya ce, "Sale, kai har sai an gaya maka hayaƙin marece kwanciya shikai? Wannan tun ba a haife ka ba aka san shi." Muryarsa ta sauka. "Tun yaushe take yin haka?"

Wannan tambayar ba ta Sale ba ce, kowa ya sani. Amma shi na kalla na ce, "Tun ranar da ka fara, Sale. Kullum."

"Ba a gaya mani ba."

"Wa zai gaya maka, Sale? Kai ba a yi maka magana."

Na ji na wuce wuri, na sunkuyar da kai. Baba ya gyara wa yarinyar kwanciya a kafaɗarsa, ya ce, "Tashi ka ba ni wuri, malalacin banza. Gobe in an sallame asuba ka tsaya bakin masallaci ka ce ina son ganin kowa."

Sale ya tashi yana gunguni, wai shi bai ci tuwo ba an ci mutuncinsa ta gaba ta baya. Na ce ya biyo ni in ba shi ƙanzo.

Ban san abin da Baba ya gaya wa mazan ba, ba na wurin. Ba kowa ne ya bi ba, kada ku ɗauka labarin daɗi nake ba ku. Akwai waɗanda har bana sai la'asar, kuma za ku gamu da su. Malama ma ta sha tambaya a ofis, don ƙauyen da aka yaba ya wayi gari ja kamar an watsa barkono, sai da ta yi ta bayani. Abin da nake so ku ɗauka shi ne, in waya ta nuna maku wuri fes a lokacin da kuka san ana sharar gona, kada ku yi murna, ku je da magariba ku tsaya a lungu, ku durƙusa daidai tsawon yaro, ku shaƙa. In kuma maganar ta fi ƙarfin bakinku, ku duba kusa, ba a rasa wanda za a zaga.

Washegarin ranar, da hantsi, Baba ya sa aka haɗa sauran tsibin gonarsa wuri ɗaya, can tsakiya, nesa da shinge. Wajen azahar sai ga shi ya fito daga ɗaki da babbar rigarsa ta Juma'a, da hula, har da turare, alhali ranar Talata ce. Inna ta ce ina za shi haka. Ya ce gona. Tunda hoto za a ɗauka, ba za a ɗauke shi da rigar noma ba.

Sale ya kai ni, na tsaya nesa. Baba ya kunna da hannunsa, a gaban kowa, wuta ta farko a ƙasar nan da ba tashi ta yi ba. Hayaƙin ya miƙe sama kamar an ja shi da igiya. Shi kuma ya tsaya gefe cikin rana, ya gyara hannun riga a kafaɗa, ya ɗaga fuska sama, bai motsa ba har wutar ta cinye.

Hoton bai iso ba sai bayan la'asar, kuma bai cire rigar ba yana jira. Na ba Sale wayar ya kai mashi zaure, ni ina bayan zana.

Baba ya ce, "Ina nike?"

Sale ya ce, "Ga ka nan, Baba. Jan ɗigon nan."

"Wannan? Duk rigar nan?"

"Haka yake ɗaukar kowa."

Baba ya mayar mashi da wayar, ya ce lallai abin nan ba shi da tarbiyya.

Da magariba aka kai tuwo, na koma wurin tsayuwata. Lungu ba komai sai ƙamshin miya. Ina jin Ta-Baba tana yi mashi tsiya, wai ya yi kwalliya kamar ango an ɗauke shi ɗigo, shi kuma yana cewa ta ci tuwonta ko ya fasa auren. Ta ƙyalƙyale da dariya, doguwa, na kasa kunne ina bin ta. Numfashin ya ishe ta har ƙarshe.